Hattara da mai yawo da littafin rasit da sunan jarida a Garwa

Assalamu alaikum, 'yan uwa 'yan kasuwa. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, don ba daɗi mai furfura ya fito ya ce yaro ya yi masa wayo. Amma ranar Lahadin da ta wuce, a kasuwar Pitowa da ke kusa da Garwa, na ji wani mai hatsi yana ba da labarin da ya yi kama da nawa kamar an tsaga kara. Na ce to, shirun ya isa haka.

Kayan ofis nake sayarwa a nan Garwa, arewacin Kamaru: takardu, tawadar firinta, rajista da makamantansu. Rabin cinikina daga ma'aikatu da makarantu yake fitowa, shi ya sa jaridar tattalin arziki ba ado ba ce a shagona. A cikinta nake ganin sanarwar neman 'yan kwangila, da abin da dokar kasafin kuɗi ta taɓa a haraji da kwastan, da duk matakin da BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ya ɗauka kan aika kuɗi waje. Sanarwar kwangila kuwa tana da wa'adi. In ka gan ta bayan an rufe karɓar takardu, sai dai ka naɗe ƙosai da ita.

Ga inda gizo ke saƙa. Jaridun nan a Yawunde ko Duwala ake buga su. Jirgin ƙasa iyakarsa Ngaundare, nan layin dogo ya ƙare, daga nan sai mota ta sauko gangaren dutse ta yi kusan kilomita 280 kafin ta ga gadar Binuwai. Duk mai karatu a nan ya san jaridar Litinin sai Laraba, in damina ce har Juma'a. Mun saba, ba ma ko tambaya. Wannan sabon namu shi ne jarin yaron nan, ba wani abu ba.

Bayan Azahar ya zo, a kan babur, jaka a kafaɗa, kati rataye a wuya da tambarin wata jaridar kasuwanci da kowa ya sani. Ba zan kama sunanta ba, don ba su suka turo shi ba. Ya durƙusa ya gaishe ni da Fulatanci, da ya ji bakina ya juya Hausa, lissafi kuma da Faransanci yake yi. Ya ce, "Baba Alhaji, daga babban ofis aka turo ni, mun buɗe reshen jihohin arewa uku." Kuɗin shekara jaka 60 ne na sefa, in ji shi, amma an yi wa 'yan kasuwar arewa rangwame zuwa jaka 40, rangwamen kuma Juma'a zai ƙare. Za a kawo takarda har ƙofar shago, a kuma turo ta waya da safiyar ranar da ta fito.

Na tambaye shi ina ofishinsu. Ya ce a unguwar Pumpumre, ana fenti, wata mai kamawa za a buɗe. Ya karanto mini lamba na tura kuɗin ta Orange Money, hanyar aika kuɗi ta waya. Kafin in danna lambar sirri sunan mai karɓa ya fito, sunan mace. Na ɗago kai. Ya yi murmushi ya ce, "Akawunmu ce, Baba." Na danna. Har yau in na tuna wannan daƙiƙar sai in ji kamar in mari kaina, domin wayar ta gaya mini gaskiya ƙiri-ƙiri, ni na zaɓi in ji ta bakin yaro.

Da a ce daga ranar ya ɓace, da na ce ɓarawo ne irin na kullum. A'a. Mako uku yana kawo jarida, ta gaske, ba jabu ba. Sai dai yana da wata ƙa'ida: in ya kawo sabuwa, sai ya karɓi tsohuwa, wai ana mayarwa ofis don lissafi. Abin bai yi mini ba, amma sai na riƙa kwafe abin da nake so a littafina in miƙa masa. In ta makara kuma yana da amsa a aljihu: mota ta lalace a gangaren Ngaundare, ko jirgi bai iso da wuri ba. Wa zai musa wannan a Garwa?

Wata Alhamis ya ajiye mini ita ya wuce. Ina buɗe shafin sanarwa sai ga da'irar gindin kofin shayi, ja-ja, a kan takardar. Ƙasa da ita an ja layi da fensir a ƙarƙashin wata kwangilar kujerun makaranta, a gefe kuma an yi ɗan lissafi, bakwai ɗin da aka rubuta mai ƙugiya ce kamar lauje. Shekara ashirin ina ganin wannan bakwai ɗin a takardun bashi. Ta wani aminina ce, mai katako a unguwar Yelwa. Na kira shi na ce, "Malam, kai ma shayi kake sha a kan jaridata?" Ya ce wace jaridarka, ai tasa ce, jiya da yamma yaro ya karɓa zai mayar ofis. Shi ma jaka 40 ya biya.

Kafin Magariba mun gano mu bakwai ne, waɗanda muka sani ke nan. Jaka 280. Kwafi biyu ko uku kawai yake saye, yana zagayawa da su shago-shago kamar ƙwaryar biki. Ranar da yake ce mini mota ta lalace, jaridar tana kan teburin maƙwabcina.

Ta wayar ma da na duba da idon basira, hotunan shafuka ne aka ɗauka da hannu, a wani har babban yatsa ya fito. Rukunin WhatsApp ɗin da yake turo ta ciki kuma an kulle bakin kowa, shi kaɗai ke iya rubutu. Da ana magana a ciki, da tun makon farko wani ya ce tasa ba ta zo ba, wani ya amsa.

Mun shirya mu yi shiru mu jira shi ranar Litinin. Sai ɗayanmu, Allah ya huci zuciyarsa, ya kasa haƙuri ya kira shi ya zazzaga masa. Yaro ya ce mahaifinsa ne ya rasu a Kuseri, in an yi bakwai zai dawo ya yi bayani. Washegari lamba a kashe, rukuni ya watse.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Cikin kowace jarida akwai ɗan akwati inda suke jera sunayen editoci da adireshi da lambar ofis. Na kira. Sai a kwana na uku aka ɗauka, wannan kuma laifinsu ne, zan faɗa. Matar da ta amsa ta ce ba su da ma'aikaci mai wannan suna, lambar rasit ɗina ba ta cikin littafinsu, kuɗin masu rajista kuma asusun kamfani yake shiga, ba wayar wani ba. Na ce mata, "Hajiya, da kuna da wakili sananne a arewa, mai shago da ƙofa, da wannan bai samu wurin shiga ba." Ta ce za ta isar.

Rasit ɗin nan na sake dubawa. Babu lambar shaidar haraji, babu lambar rajistar kasuwanci, sai hatimi mai shuɗin tawada wanda kowane mai sassaƙa hatimi a bakin kasuwa zai yi maka kafin ka gama cin goro. Ni da kullum nake lissafa harajin kashi 19.25 a takardun ma'aikatu, ni da ba a karɓar takardata in babu lambar nan, ban nema a tasa ba.

Mun kai ƙara komisariya, wato ofishin 'yan sanda, mu bakwai tare. An rubuta shi a matsayin zamba, wadda sashe na 318 na kundin hukunta laifuka ya tanada. Abin da suka fi nema shi ne saƙon da ke shigowa waya bayan tura kuɗi, mai lambar ciniki da lokaci. Biyu daga cikinmu sun riga sun goge nasu. Don Allah duk wanda ya biya shi, kada ya goge, kuma kada kunya ta hana shi zuwa. Jaridar mai da'irar shayi ma sun karɓa.

In wani ya shigo muku da irin wannan tayi, ku ba shi kujera, ku buɗe jaridar da ke hannunsa, ku kira lambar ofis a gabansa. In sunan da ya fito a waya ba na kamfani ba ne, ku janye yatsa. In ya ce zai riƙa karɓar tsohuwa, to shi ne.

Mai hatsin Pitowa ya ce nasa yanzu ba ya rataye kati, riga mai tambari yake sawa, yana kuma cewa garuruwan Gidar da Marwa zai wuce. Rabin kuɗi ya ba shi, jaka 20, da alƙawarin cikawa Lahadi mai zuwa bayan an tashi kasuwa. Na roƙe shi kada ya kira shi, kada ya nuna masa komai. Ni da mai katako za mu je da sassafe, mu zauna bayan buhunan dawa.