Kwamfuta ta lalace: na kamfani ne ko na mai saye?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayo laftof a Kano don shagonka na buga takardu a Ringim, wata biyu kacal allonta ya ɗauke, kana tambayar wa zai ɗauki asarar. Amsar tana ga abin da ya kashe allon.

Abin da ke wuyan kamfani shi ne aibin da ta fito da shi daga masana'anta: allo ya mutu ba a yar da ita ba, faifan ajiya ya tsaya haka kawai, madannai su ƙi aiki. HP, Dell da Lenovo galibi garantin shekara ɗaya suke bayarwa a kan sabuwa. Lambar siriyal tana ƙarƙashin kwamfutar, ka shigar da ita a shafinsu za ka ga ranar da garantin zai ƙare.

Naka kason ya fi yawa, musamman mu na karkara. Janareta mai hawa da sauka ya ƙone ta, naka ne. Shayi ya zube mata, ko ta faɗo daga bayan babur a hanyar kasuwa, naka ne. Cajar bogi ma haka. Sai duba kaya kafin biya, wanda nan muka fi sakaci: firintar da aka ƙera don Amurka wutar bolt 120 take sha, tamu kuwa 230 ce, kana jona ta kai tsaye sai hayaƙi. RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, iri-iri ne: samfurin DDR4 ba ya shiga gurbin samfurin DDR3 ko za ka kwana kana turawa. Kamfani ya rubuta duk wannan a jiki, mu ne ba ma karantawa.

Idan kuwa tokumbo ce, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, cire kamfani daga lissafi, yawanci garantinta ya ƙare tun a Turai. Saura kai da mai shago, kuma alkawarin baki na "sati biyu" ba ya tsayawa gaban kowa sai an rubuta shi a rasit. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta ba ka damar mayar da kaya mai aibi, ko da an liƙa "ba a dawo da kaya" a bango.

Kada ka bari mai gyara ya kwance ta tukuna. Duba allon da kyau: in babu tsagewa, ɗauki rasit da caja ka koma wa mai shagon.