Kamus na takarda ko salula? Amsar ƙanenmu mai neman doguwar kalmar Ingilishi

Salamu alaikum ƴan girup. Ƙanenmu ɗan lise ya yi tambaya jiya da dare, wai mushensu, wato malaminsu, na Ingilishi ya ba su aiki su nemo kalma mai harafi 12 da ta fara da "in" ta ƙare da "able" kuma su rubuto ma'anarta, shi ne yake so ya ji kamus zai ara ko salula zai duba. Na ga wasu sun ce kamus kawai, wasu sun ce kai Google mana. To ƙanena bari in jera maka su ka gani da idonka.

Kamus na takarda matsalarsa guda ce amma babba, da harafin farko aka jera shi. In ka san farkon kalma zai kai ka, in kuwa tsawonta ko ƙarshenta kawai ka sani babu ruwansa da kai. Kai taka ma da sauƙi tunda an ba ka "in", amma buɗe Oxford Advanced Learner's ka ga yawan shafin da "in" ta cinye, sai ka bi layi layi kana ƙirga haruffa da bakin bik, ga rubutun ƙanana ga takardar sirara, in wuta ta ɗauke kuma ka koma haskawa da cocilan. Da ƙarshen kaɗai aka ba ka sai dai ka karance littafin tun daga A.

Shafukan neman kalma kuwa sana'arsu kenan. Shiga OneLook ka rubuta in??????able, kowace alamar tambaya harafi guda ce da ba ka sani ba, biyu da shida da huɗu sha biyu kenan. In tsawon bai dame ka ba sai ka sa tauraro, in*able, ya kwaso maka gajeru da dogaye duka. Nan take za ka ga incomparable, inconsolable, incalculable, inexplicable, indisputable da sauransu. A nan kam takarda ba ta kama ƙafar salula ba, ba ma sai an ja magana ba.

Wajen ma'ana ne labari ke juyawa. OneLook da dama dama, in ka danna kalma zai tura ka kamusoshi daban daban. Amma yawancin shafukan da Google ke fara kawo maka an yi su ne don masu buga Scrabble, wasan jera haruffa a kan allo a haɗa kalma, su maki suke nema. Allon wasan gida 15 ne a tsaye 15 a kwance, shi ya sa jerin nasu kan tsaya a harafi 15, kuma suna cakuɗa kalmar da kowa ke faɗi da wadda ko Baturen Landan bai taɓa ji ba, ma'anar kuma layi guda ko babu. Kada ka yi mamaki, a 2015 Nigel Richards mutumin New Zealand ya ci gasar duniya ta Scrabble na Faransanci a Beljiyam alhali ba ya jin Faransanci, jerin kalmomin ya haddace kawai. Shi ya ci kofinsa, kai kuwa mushe cewa zai yi sa ta a jimla.

Nan ne Oxford ɗin nan mai nauyi ke rama abin da aka yi masa. Tun 1948 aka fara fitar da shi, kuma don waɗanda Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne aka tsara shi, zai ba ka yadda ake furta kalma, jimlar misali, ƙaramar kalmar da ke bin ta, da ko ta rubutun ofis ce ko ta hira. Mu da muka yi lakol da Faransanci muna da wata garaɓasa kuma, dogayen kalmomin Ingilishi da yawa daga Faransanci da Latin suka shigo, tun bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066. Dubi jerin can sama, huɗun farko haka nan suke a Faransanci harafi da harafi. Sai dai garaɓasar da tarko a cikinta, comprehensive na Ingilishi shi ne abin da ya ƙunshi komai, ba mai yi wa mutane uzuri ba kamar compréhensif, eventually kuma daga ƙarshe ne, ba mai yiwuwa ba kamar éventuellement. Shafin Scrabble ba zai taɓa gaya maka haka ba, kamus na Faransanci da Ingilishi irin Robert & Collins ko Harrap's zai gaya maka.

Wani abu da ke kada mutane in ana maganar tsawo, rubutun Ingila da na Amurka ba ɗaya ba ne. Neighbourhood harafi 13 ne a Ingila, a Amurka neighborhood 12. Shafuka da yawa na Amurkawa ne, littattafan da ke zo mana daga Kano kuwa tsarin Ingila suke bi, don haka tambayi mushe wanne yake so kafin ka ƙirga.

Masu turo mana kalmar Ingilishin nan mai harafi 45 da ta fara da pneumono kuma ku huta haka, wasu masu wasan kalmomi ne a Amurka suka ƙirƙiro ta a 1935, sunan ciwon huhu ne, likita silicosis yake cewa ya wuce.

Sai maganar aljihu. Shafi na son forfe da rezo, wato kuɗin intanet da sabis, kamus ba ya son komai in ka same shi, samun ne aiki. Tsakanin biyun akwai WordWeb, kamus ne na waya, ka sauke shi sau ɗaya a salula yana aiki ba intanet, yana karɓar alamar tambaya da tauraron nan kuma ma'anarsa ba laifi, duk da jimlolin misalinsa ba su kai na Oxford ba.

Ni dai a wurina salula ta nemo, takarda ta tantance. Zaɓi wadda za ka iya sa wa a jimla ba tare da kame kame ba, da ni ne inexplicable zan ɗauka, abin da aka rasa bayaninsa. In ba ka da kamus ka biyo Sabon Gari bayan la'asar ka ari nawa, bangon ya yage amma shafukan "in" suna nan cif, ka dai maido min kafin Juma'a don akwai mai jiransa.