Hanyar ciki ko tsakiyar teku? Amsa ga Alhajin da ɗansa zai bi jirgin ruwa zuwa Fulorida

Alhaji, barka da war haka. Ka ce yaronka da ke Girinsboro a Amurka ya kira ka, wai abokin aikinsa, wanda jirgin ruwa ne gidansa, zai gangara kudu zuwa Fulorida kafin sanyi ya kankama, kuma ya nemi ya raka shi. Mai jirgin bai yanke ba tukuna, ko su bi hanyar ciki ko su fita teku, kai kuma barci ya ƙaurace maka. Na taɓa bin wani yanki na hanyar nan lokacin ina Amurka, kafin in dawo Damagaram, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani.

Masu zama a jirgi irin abokin nan nasa ƴan cin rani ne, sai dai su sanyi ke korarsu. Yawancinsu suna jira sai wajen farkon Nuwamba, domin lokacin guguwar teku daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma kamfanonin inshora da dama ba su yarda jirgi ya yi nisa kudu da wuri ba.

Hanyar ciki, wadda suke kira Intracoastal Waterway, koguna ne da fadamu da magudanan da aka haƙa aka haɗe, tsibirai na kare su daga teku. Ana fara ƙirga ta daga Nofok a jihar Bajiniya, kuma zuwa Mayami da ke Fulorida kusan kilomita 1,750 ne. Wato ka tashi daga Zinder ka je Yamai ka dawo. To amma jirgi irin nasu bai cika wuce kilomita 10 a awa ba, kuma ba a tafiyar dare, saboda haka kilomita 70 ko 80 a yini ya isa a gode wa Allah. Wata guda zai shige, ko fiye.

Kada a ce maka hutu ne. Daga safe zuwa la'asar mutum na riƙe da sitiyari, ido ɗaya kan alamomin ja da kore masu nuna hanya, ɗaya kan na'urar auna zurfi. A takarda zurfin ya kai mita 3 da rabi a mafi yawan hanyar, amma rairayi ba ya karanta takarda, kullum taruwa yake a bakunan mashigai. A jihar Jojiya ruwa kan ciko ya janye da sama da mita 2, inda ka wuce lafiya da hantsi, da yamma laka ce. Mu ma mun taɓa kafewa. Awa huɗu muka yi jirgi a karkace, tukunyar shayi ta kife, masu wucewa na ɗaga mana hannu suna murmushi, har ruwa ya dawo ya ɗauke mu. Ban da kunya, babu abin da ya same mu. Ka riƙe wannan, Alhaji, domin nan ne bambancin yake.

Sai gadoji. Waɗansu buɗewa suke a kan lokaci, sai ka kira mai gadi ta rediyo, in ka makara da minti biyu ka yi ta kewaya kamar mai jiran a ɗage shingen duwan. Waɗanda ba sa buɗewa tsayinsu kusan mita 20 ne, ɗaya a Mayami ma 17. In dogon sandan da ake ɗaura zanen iska ya fi haka, magana ta ƙare, teku dole.

Ita kuwa teku, ka ɗauke ta kamar hanyar Agadas zuwa Bilma. Babu gada, babu tudun rairayi, babu mai tsayar da kai. Jirgi na tafiya dare da rana, ya ci sama da kilomita 200 kafin rana ta zagayo, kuma in iska ta yi kyau gazuwal na nan a tanki. Abin da za a yi wata ana yi a ciki, mako ɗaya da ƴan kwanaki ya wadatar. Sai dai in mutum biyu ne, barci na karɓa-karɓa ne, awa uku ko huɗu, kuma wanda bai saba ba jiri da amai za su kayar da shi tun ranar farko. Ga ruwan nan mai gudu da ake kira Gulf Stream, arewa ya nufa, su kuma kudu. In iskar arewa ta yi karo da shi, igiyoyi kan miƙe tsaye kamar katanga. Gaɓar Hatiras da ke jihar Karolina ta Arewa kuwa, maƙabartar Atilantika ake ce mata saboda yawan jiragen da suka nutse a wurin. In inji ya mutu a hanyar ciki, ka jefa anga, ƙarfen da ke riƙe jirgi wuri ɗaya, ka kira masu jan jirgi. In ya mutu a teku da tsakar dare, sai kai da Mahaliccinka.

Wajen kuɗi, ciki ta fi ci: sayen gazuwal kullum, kuma masauƙan jirage da tsawon jirgi suke yin kuɗin kwana, ko da yake jefa anga a lungun kogi kyauta ne. Zaman jirgin kansa ɗaya ne a ko'ina, ɗaki bai kai zauren gidanka ba, ruwan sha a lissafe. Wannan dai ba na jin tsoronsa ga ɗan Zinder, wanda ya tashi yana ganin layin bidon a bakin famfo. Alwala da ruwan teku ta halatta. Alƙibla ce ke da wasa, don jirgi a kan anga juyawa yake, inda ka fuskanta da magariba ba nan ba ne da asuba, sai ya riƙa duba waya.

In ni ne, ciki zan ce masa. Ƙwararru da yawa ma haɗawa suke: su bi ciki daga Nofok har Bofot a Karolina ta Arewa don su kauce wa Hatiras, sannan in sama ta yi kyau su fita kwana ɗaya ko biyu zuwa Calston a Karolina ta Kudu. Wannan ba laifi, in mai jirgin ya taɓa yi.

In ya sake kira, tambaye shi sau nawa mutumin ya bi hanyar, nawa ne tsayin sandan, kuma akwai rigar ceto daidai jikinsa ko babu. Ka kuma ce ya ɗauki rigar sanyi mai kauri. Sanyin safiyar Nuwamba a kan ruwan Karolina ya fi na hunturunmu shiga ƙashi.