Santsin haske da dakushe gefe: wanne ya dace da aikinka?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa kofin da ka ƙera a manhajar zanen 3D ta Blender ya fito sumul a allo, amma da ka buga shi a firintar 3D sai jikinsa ya fito fuska-fuska kamar an fere shi da wuƙa. Ka kuma ce ko Bevel ya kamata ka taɓa maimakon Shade Smooth. Gaskiya su biyun ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma kofinka na buƙatar abu na uku.

Shade Smooth ba ya taɓa siffa ko kaɗan, haske kawai yake wa dabara. Silindar da Blender ke ba ka tana da fuska 32 a kewayenta. Da ka danna shi, fuskokin nan 32 suna nan daram, sai dai manhajar ta daina haska kowace fuska ita kaɗai, ta riƙa narkar da hasken wannan cikin na maƙwabciyarta har ido ya daina ganin layin da ya raba su. Dabarar ta tsufa, tun 1971 masanin kwamfuta Henri Gouraud ya bayyana irinta. Idan kana son ka kama ta da hannu, juya kofin ka leƙa shi daga sama, ka matso kusa da bakinsa. Za ka ga da'irar ba da'ira ba ce, gajerun layuka ne miƙaƙƙu masu kusurwa. Abin da firinta ta gani ke nan, domin STL, fayil ɗin da ake fitarwa don bugun 3D, alwatika kawai yake ɗauka, ba ruwansa da wasan haske.

Amfanin Shade Smooth shi ne arha: bai ƙara maka fuska ko ɗaya ba, shi ya sa masu wasannin bidiyo ba sa rabuwa da shi. Amma yana son a sa masa iyaka. Gwada shi a kan akwati mai kusurwa 90, za ka ga duhu ya shafe fuskokin dabbare-dabbare. Maganin shi ne santsi bisa kusurwa, wanda ke farawa da digiri 30: gefen da kusurwarsa ba ta kai haka ba ya narke, wanda ya wuce ya tsaya da kaifi. Tsakanin fuskokin silinda digiri 11.25 ne, don haka su za su narke, bakin kofin kuwa ya tsaya da kaifinsa. Masu SketchUp, wata manhajar zanen 3D, ma haka abin yake: riƙe Ctrl da abin gogewa yana ɓoye layi ya daidaita haske, amma da'irar tana nan da ɓangarorinta 24.

Bevel kuwa yankan gaske ne. Yana shaftare kaifin gefe ya shimfiɗa sababbin fuskoki sirara a wurin. Ni a nan zuciyata take, domin babu abin da ke tona asirin aikin kwamfuta kamar gefe mai kaifin reza. Dubi teburin da ke gabanka: akwai wani siririn layin haske da ke kwance a bakinsa, saboda komai kaifin abu a zahiri yana da ɗan dakushi. Yanka biyu ko uku da Ctrl+B sun isa su dawo da wannan ƙyalli. Sai dai kafin ka fara, danna Ctrl+A ka zaɓi Scale don tabbatar da ma'aunin abin, in ba haka ba yankan zai faɗaɗa ta wani gefe ya tsuke ta wani. Wannan ya sha wahalar da masu koyo.

To amma Bevel bakin kofi da gindinsa zai gyara, ba zai mayar da jikin da'ira ba. Ƙarin fuskoki jikin yake nema. Ko dai ka sake silindar da ɓangarori 128, ko ka ɗora Subdivision Surface, mai rarraba kowace fuska zuwa ƙanana, wanda ke bin lissafin da masana kwamfuta Edwin Catmull da Jim Clark suka fitar a 1978. Yi hankali da shi, kowane mataki ninki huɗu yake yi: akwati mai fuska 6 ya koma 24, sai 96, sai 384. Yana kuma narkar da duk wani kaifi, sai ka tokare gefen da kake so da ƙarin layi a kusa da shi.

Da ni ne, ɓangarori 128 zan sa, in yi wa baki yanka uku, sannan in kashe santsin haske in kalli kofin a haka kafin in fitar da STL, tunda wannan kamannin ne firinta za ta bi.