Na'urar Perkins ko kwamfuta mai magana: wacce za a fara saya wa ɗalibar firamare?

Malama, kin tambaya wacce za ki fara saya wa yarinyar da ba ta gani, Perkins ko kwamfuta mai magana. Tunda yarinyar tana aji uku na firamare, kuma abin da ke hannu ba zai sayi na'urar Perkins ta rubutun Braille (rubutun makafi na ɗigo masu tasowa da ake karantawa da yatsa) da kwamfutar tafi-da-gidanka a lokaci guda ba, shawarata ita ce ki sayi Perkins, ki jinkirta kwamfutar har sai ta kusa shiga sakandare. Dukansu muna da su a gida saboda ɗana wanda ba ya gani, don haka abin da na shaida zan faɗa miki.

Perkins na'ura ce ta ƙarfe da ba ta buƙatar wutar lantarki ko batir. Wani malamin aikin katako mai suna David Abraham ne ya ƙera ta a makarantar makafi ta Perkins da ke jihar Massachusetts a Amurka, aka fara fitar da ita a shekarar 1951, kuma har yau tsarinta bai canza sosai ba. Tana da manyan maɓallai shida, kowane ɗaya na wakiltar ɗigo ɗaya daga cikin ɗigo shida da ake haɗa harafin Braille da su, sai maɓallin barin tazara, da na komawa baya, da na sauka zuwa sabon layi. Babbar fa'idarta ita ce ɗigon yana tasowa ta saman takarda, saboda haka yaro na iya ɗora yatsa ya karanta abin da ya rubuta nan take ba tare da ya cire takardar ba. Wanda ke rubutu da allon huda da tsinke kuwa dole ya fara daga dama zuwa hagu, haruffan a juye, sannan ya birkita takardar kafin ya san abin da ya rubuta, kuma wannan aiki ne mai nauyi ga yarinyar da ba ta gama riƙe haruffan ba.

A lissafi ne na ga amfanin nan ƙarara. Ɗana ya daɗe yana ba da amsar tarawa da ka, amma da lambobin suka kai gida uku sai ya fara rikicewa, har malaminsa ya ɗauka lissafin ne ba ya ganewa. Da ya fara jera lambobin a Perkins, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, sai wata rana na same shi yana bin jerin da yatsa daga sama zuwa ƙasa, ya tsaya, ya yi dariya, ya ce ya manta da ɗayan da ya ajiye. Babu wanda ya nuna masa kuskuren, shi ya gano abinsa. Daga lokacin ya daina jiran a ce masa ya yi daidai ko bai yi ba.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne sauraro ba ya maye gurbin karatu. Yarinyar da murya kawai ke karanta mata za ta fahimci labari sarai, amma ba za ta san inda aka sa waƙafi ba, ko inda sakin layi ya ƙare, ko yadda ake harhaɗa kalmomin Turanci masu haruffan da ake rubutawa ba a furta su. Waɗannan abubuwa yatsa ne yake koyonsu, kuma shekarun firamare ne lokacin da ya fi saurin kamawa.

Perkins tana da nata matsalolin. Nauyinta ya kusa kilo biyar, wanda ya yi wa ƙaramar yarinya yawa, don haka gara a samar mata wurin ajiya a makaranta. Tana da ƙara, sai an yi wa sauran 'yan aji bayani. Tana cin takarda mai kauri, domin ɗigon da aka buga a siririyar takarda ba ya daɗewa yake kwanciya. Mafi muhimmanci, malamin da bai iya Braille ba ba zai iya duba aikinta ba, sai an sami wanda zai rubuta da biro a saman kowane layi. Ki tambayi makarantar wa zai ɗauki wannan nauyi tun kafin ki saya.

Kwamfutar kuma ba zan ce ba ta da amfani ba. Manhajar NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan ƙasar Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka samar tun daga shekarar 2006, tana karanta abin da ke kan allon Windows da murya, kuma malami na iya karanta aikin ɗalibi kai tsaye. Ɗan sakandare ba zai wadatu da Perkins kaɗai ba. Amma tamu, a shekarun firamare, rabin lokacinta a jikin caja ta yi shi.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma ya kamata ki sani, wato halin wasu 'yan kasuwa da suka gane cewa iyayen yara masu buƙata ta musamman ba su cika sanin kayan ba. NVDA kyauta ce, ana sauke ta daga shafin NV Access, ƙungiyar da ke samar da ita, saboda haka duk wanda ya ƙara miki kuɗi da sunan ya sa mata manhajar makafi, cutar ki ya yi. Wasu kuma sukan sa JAWS, wata manhajar karanta allo da murya wadda ta kuɗi ce, ba tare da lasisi ba. Za ta yi magana lafiya lau a gabanki, amma bayan minti 40 sai ta tsaya har sai an kashe kwamfutar an sake kunnawa.

A ɓangaren Perkins, abin da aka fi yi shi ne a goge tsohuwa a ce an yi mata garambawul. Tsohuwa ba laifi ba ce, domin na'urar na yin shekaru masu yawa idan ana tsabtace ta, amma kada ki biya sai an gwada. Ki tafi da wanda ya iya Braille da takarda mai kauri, ya danna maɓallai shidan a tare daga farkon layi har ƙarshensa, ya shafa ya ji ko duk ɗigon sun tashi daidai wa daida. Ya duba ko wani maɓalli yana maƙalewa, ko takardar tana shiga a karkace, ko ƙararrawar ƙarshen layi tana bugawa. Idan mai sayarwa ya ƙi yarda a gwada, ko ya ce sai dai ki tura kuɗi ya aiko daga baya, ki bar masa kayansa. Idan kin samu mai kyau, ki nemi a haɗa miki da rigar da ake rufe ta da ita, domin ƙura ce ta fi saurin sa maɓallanta su daskare.