Koyiloba ko Bilstein da sifirin na Eibach a kan BMW E46?

Ɗan'uwa, tsakanin biyun nan da ka ambata wa BMW 330i ɗinka ƙirar E46, koyiloba (shokazoba da sifirin a haɗe, mai ba ka damar saita tsayin mota) ko saitin Bilstein B12, ɗauki B12 ka huta. Shi ne a ƙarƙashin tawa, kuma yadda na same shi zan faɗa maka.

Saitin B12 ɗin shokazoba ce ta Bilstein B8, mai ruwan ɗorawar nan, haɗe da sifirin na Eibach Pro-Kit, duka ƙirar Jamus. An auna su tare tun daga kamfani, B8 an gajarta ta ne musamman don sifirin mai saukar da mota. Saukar ba ta da yawa, wajen milimita 30 ce, kuma a titunanmu wannan babban abu ne. Shokazobar bututu ɗaya ce, gas yana danne man da ke ciki, shi ya sa ko ta yi zafi man ba ya kumfa, riƙonta ba ya saki.

A Hawan Kibo na san na sayi kaya, muna saukowa daga Jos da ƙanena. Da can motar kan kwanta gefe a kwanonin nan, sai ka juya sitiyari ka jira jikinta ya biyo baya. Ranar kuwa inda na nuna mata nan ta bi, hancinta bai dunƙura ba da na taka birki, bayanta bai yi lilo ba bayan mun hau gargada a tsakiyar kwana. Ƙanen nawa da ya saba riƙe hannun ƙofa sai ga shi yana ta zuba hira. Ta ƙara tauri kam, rami kana jin sa a kujera, amma bugu ɗaya take yi ta zauna.

Koyiloba ta gaske irin KW V3 tana da kyau ga mai filin tsere da bakaniken da ya iya saita ta, ban musa ba. Masu arahar nan marasa suna kuwa, tsalle kawai za su sa motarka, sannan su jarabce ka ka sauke ta har kaskon man inji, wanda na alminiyam ne, ya fara gaisawa da tudun rage gudu.

Kafin ka kashe ko kwabo, a ɗaga motar a duba ƙasanta ta baya, inda ƙarfen da ke ɗauke da difransha yake ɗaure da bodi. E46 ta yi suna wajen tsagewa a wurin, kuma kaya masu tauri ƙara wa tsagar nauyi suke yi. In akwai ko alama, a yi walda a sa farantin ƙarfafawa tukuna. Haka a duba bushin, wato robobin mahaɗar ƙarafan ƙafar mota, na hannun gaba da na baya, da kan shokazobar baya. Motar da aka daina ƙerawa tun 2006, robobinta sun gaji, kuma sabuwar shokazoba ba ta gyara mataccen bushin. A ɗaure kusoshin bushin bayan motar ta zauna kan tayoyinta, ba tana rataye ba, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna ta yage da wuri. Daga nan kai tsaye wurin alayimen.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu wanke tsohuwar shokazoba, su fesa mata fenti ruwan ɗorawa, su manna sitika, su rantse maka sabuwa ce daga waje. Duba ko fenti ya taɓa sandar ko zaren kusa. Lambar da ke jikin kayan ta dace da ta kwali, ka kuma bincika ta a shafin kamfanin ka ga ta E46 mai silinda shida ce. Sifirin na Eibach ma da lambarsa a jiki. Wanda ya ce kwalin ya ɓace kuma farashinsa rabin na kowa, bar masa kayansa. Wanda kuma ya ce a yanke sifirin ɗinka na asali don motar ta sauka, kada ka bar shi ya taɓa ta.

In unguwarku ramuka sun yi yawa har kana tsoron saukar, sa shokazobar Bilstein B6, wadda ba a gajarta ba, da sifirin ɗinka na asali, tsayin motar yana nan yadda yake. In ba haka ba, B12, tayoyi huɗu masu kyau iri ɗaya, sannan alayimen.