Na biya kuɗin horon kare, ashe ni za a horar

Bara war haka na biya kuɗin darasi 12 a wurin wani dattijo mai horar da karnukan kiwo a nan Northumberland, arewa maso gabashin Ingila. Sai yanzu da shekara ta zagayo nake jin na isa in faɗi ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ni ba makiyayi ba ne. Aikin asibiti nake yi, kiwon na sha'awa ne kawai: eka huɗu na haya a bayan ƙauye, tumaki mata 11 da rago ɗaya, duk 'yan Shetland. Asalinsu tsibiran Shetland ne, can arewa da Sikotland, inda iska ba ta barin bishiya ta miƙe. Na zaɓe su ne don ƙanƙantarsu. Tunkiya ba ta cika wuce kilo 45 ba, ni kaɗai nake kayar da ita in duba kofato. Wutsiyarsu gajeriya ce tun haihuwa, ba sai an yanke ba kamar yadda ake yi wa manyan tumakin Turawa, kuma galibi suna haihuwa ba tare da an sa musu hannu ba. Ranar da na nuna wa Kawu ragon ta waya, sai da ya gyara tabarau.

"Kai ɗana, wannan ne ragon? Ai bunsuru ne aka lulluɓa wa bargo."

Wanda ya saba da Balami da Uda dole ya faɗi haka, ban yi musu ba.

Karen kuwa, Mos, irin Border Collie ne, yana da wata 14 lokacin da muka fara. Kafin in kawo shi sai da na tambayi malaminmu, ya ce karen kiwo yana cikin waɗanda shari'a ta yi rangwame a kansu, tare da na farauta da na gona. Ɗakinsa na nan gefen rumbun ciyawa, ba ya shiga gida.

Darasin farko ya burge ni ƙwarai. Dattijon yana da wani kewayayyen shinge, a ciki tumaki biyar da suka ga jiya suka ga yau. Ya saki Mos, shi kuwa ya sunkuyar da kai, ya kafa musu ido, ya zagaya ya tsaya daidai ɗaya ɓangaren, tumakin na tsakaninmu. Ba wanda ya koya masa wannan. Dattijon ya ce in ɗauka agogo ne: in ina kan ƙarfe shida, kare zai nemi sha biyu, in na gusa shi ma ya gusa. A kan wannan ɗabi'ar ake ɗora sauran. Akwai kalmar da ke tura shi ya zagaya yadda hannun agogo ke tafiya, "kam-bai", da wadda ke juyo da shi, "awe". Ta kwanciya kuwa na ƙi yarda da tasu, na koya masa "kwanta", kuma ya ji. Dattijon ya yi dariya ya ce kare bai damu da yare ba, muddin ba ka canza masa kalma gobe.

Mutumin ya san aikinsa, wannan ba na ja. Yana alfahari da cewa a gundumar nan aka haifi Old Hemp a 1893, karen da ake danganta Border Collie na yau gare shi, kuma sai da ya maimaita mini sau uku cewa a Bala ta Wales aka yi shahararriyar gasar karnukan kiwo ta 1873. Amma abin da na fi ƙaruwa da shi gyaran da yake yi mini ne. Ni mai yawan magana ne, sai in yi ta kwarara umarni, kare ya rikice.

"Yi shiru," in ji shi. "Ka faɗa sau ɗaya. In bai yi ba, duba inda ka tsaya."

Sau tara cikin goma kuwa ni ne na tare masa hanya da jikina ko da sandata. Zuwa darasi na shida Mos yana ɗebo tumakin nan biyar daga ƙarshen fili ya kawo su gabana a hankali, ni kuma har na fara jin kaina.

Sai na gwada a gida.

Farkon watan Yuni ne, da yamma, ina so in tara su in duba ko ƙuda ya yi musu tsutsa a gindi, don lokacinsa ke nan. Na tura Mos. Ya fita da kyau, ya zagaya, ya matso irin matsowar da ya saba. Tumakin dattijo da sun ga haka sai su dunƙule su nufo gwiwata. Nawa suka watse kamar an jefa dutse cikin zabi. Uku suka yi gabas, biyu suka bi gindin katanga, wata mai ruwan ƙasa ta tsallake ƙyauren ƙarfe ba tare da ta taɓa shi ba. Akwai wata tsohuwa mai farin jiki da baƙin ciki da zane a fuska, irin wadda mutanen Shetland ke kira katmoget. Ita ko gudu ba ta yi ba. Ta juyo ta fuskanci kare, ta buga ƙafa a ƙasa. Mos ya rasa ta yi, ya kai mata cafka a kafaɗa, ya dawo da baki cike da ulu.

Gabana ya faɗi, na ɗauka ya yage ta. Da na kama ta na duba, ko ƙwarzane babu. Yawancin tumakin Shetland ulunsu yana tsinkewa da kansa a farkon lokacin zafi, inda tsohon gashi ya haɗu da sabo, har mutanen tsibirin tun da can da hannu suke tuje shi, ba da almakashi ba. Mos ya yi mini tujin farko ke nan. Ragowar yammar da bokitin abinci na tara su, ina kaɗa shi, suna biyo ni a layi kamar ba su ba, kare na ɗaure a gindin shinge yana huci.

Nan ne ƙorafina yake. Tun ranar farko na faɗa wa dattijon irin tumakina, ya ce "hmm" kawai. Ashe duk mai kiwo a nan ya san cewa irin waɗannan tsofaffin jinsunan ba sa dunƙulewa in kare ya matsa, kowace ta kanta take yi. Ya sani, bai faɗa ba, ya bar ni na ƙone darasi shida a kan tumakin da ko akuya aka tura za ta kawo su. Da na yi masa magana bai musa ba. Na ce to in kawo nawa gonarsa mana. Ya ce a'a, kuma da hujjarsa: a Ingila in aka shigo da tumaki wata gona sai an cike takardar sufuri, sannan kwana shida ba a fitar da dabba daga gonar, ban da wasu keɓantattun dalilai kamar kaiwa mayanka. Ba zai rufe gonarsa saboda ni ba. Ya yarda ya riƙa zuwa wurina, ni in biya kuɗin mai. Na biya, raina bai so ba.

Darussa shidan da suka rage su ne suka fanshi kuɗin. Bai ƙara wa Mos ko kalma ɗaya ba, nisa ya koya masa. Inda kare yake tsayawa taku goma daga tumakin dattijo, a wurin nawa sai ya ninka sau uku, ya kwanta, ya bar su su yanke shawara da kansu. Ya sa na gyara kusurwar fili da ƙyamaren ƙarfe ta zama kamar mazurari, kuma ya ce kada in yar da bokiti: ni a gaba da abinci, kare can baya yana toshe hanyar komawa. Tsohuwar katmoget ya ce in cire ta daga garke duk ranar horo har sai Mos ya yi ƙwari, don tunkiya ɗaya mai taurin kai tana iya karya zuciyar ƙaramin kare. Haka aka yi wata biyu.

Abin da ba wanda ya lissafa mini shi ne zaman banza. Rago yana shiga cikinsu a Nuwamba, cikinsu wata biyar ne, haihuwa a Afrilu. Daga Fabrairu har 'ya'ya su yi ƙwari ba na barin kare ya kusance su. Kusan wata huɗu ke nan Border Collie ba shi da aiki, kuma shi ba ya zama haka. Mos ya koma tara kajin maƙwabciya, sannan ya fara kwanto wa motar mai kawo wasiƙa. Kullum sai na fitar da shi awa guda kafin in tafi asibiti, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, kuma wannan ba ya cikin kuɗin darasi.

Mai tumaki goma sha wani abu a kan 'yan ekoki, in tara su kawai yake so, bokiti ya ishe shi, ya riƙe kuɗinsa. Karen yana yi mini rana ne a wurare kaɗan: ranar ba da maganin tsutsa, da suka gane dabarar bokiti suka ƙi shiga, da kuma daren da rago ya fasa shinge ya faɗa gonar maƙwabci, Mos ya dawo da shi cikin minti goma. Wanda kuma aikin karen kansa yake sha'awa, kamar ni, ya je, amma ya kafa sharaɗi tun kafin ya biya cewa rabin darussan a kan nasa tumakin za a yi. Na sake kama darasi biyu a watan Satumba, bayan yaye, duka a filina. Wannan karon da tsohuwar a cikin garke.